Hawan Sallah ya shiga kundin UNESCO, amma wa ke cin ribar gadon Kano?

Tun da hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a taronta na birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwai a watan Disambar 2024, wata waƙa ta kama bakin masu manyan riguna. Duk taron da aka shirya kan al'ada a ɗakin taron otal, sai wani ya miƙe ya ce al'ada ce sabon man fetur, kuma masu yawon buɗe ido na nan tafe da daloli a aljihu. A tafa, a ci abinci, a watse. Ba a cika wata huɗu da samun wannan shaida ba 'yan sanda suka hana hawan Ƙaramar Sallah ta 2025 saboda rikicin sarauta, kamar yadda suka hana na Babbar Sallar 2024. Babu Hawan Daushe, babu na Nassarawa, dawaki suna ɗaure a barga, amma waƙar ba ta fasa ba.

Murna ba laifi ba ce, kuma waɗanda suka haɗa takardun neman shaidar sun yi aiki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake juya lissafin a baibai. Ana nuna wa Kanawa cewa gadon kakanni wani ma'adini ne da ke kwance, da zarar Turawa sun buga masa hatimi sai kuɗi ya fara zuba. Tarihin Kano da tsarin kasuwar duniya duk sun ƙaryata haka. Arziki ne ke ɗaga gado, kuma ribar gado tana tafiya ne wurin wanda ya riƙe abu uku: suna, ma'aunin inganci, da matakin ƙarshe na sarrafa kaya. Kano ta taɓa riƙe ukun. Yau ba ta riƙe ko ɗaya.

A fara da ita kanta takardar. Jerin da aka sa Hawan Sallah yana ƙarƙashin yarjejeniyar 2003 kan al'adun da ba gini ba ne, wato bukukuwa da sana'o'i da kaɗe-kaɗe. Shiga jerin ba ya zuwa da ko sisi kai tsaye. Ba ya ba masarauta ko jiha haƙƙin mallaka. Gobe wani kamfani a Sin zai iya buga hoton mahayan Kano a jikin atamfa, ya turo kwantena zuwa Kantin Kwari, matanmu su saya, kuma babu kotun da za ta ce ya biya Kano komai. Abin da takardar ta ɗora wa Najeriya shi ne nauyin kula da al'adar da kuma kai rahoto lokaci-lokaci. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga wannan jeri tun 2016, kuma kowa ya ga shekarun da aka yi ta tsallakewa ba a yi bikin ba.

Ɗaya jerin, na wuraren tarihi a ƙarƙashin yarjejeniyar 1972, shi ya fi tona asirin yadda abin yake. Akwai wurare sama da 1,200 a cikinsa. Italiya kaɗai tana da kimanin 60. Faransa da Jamus kowacce tana da sama da 50. Najeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, tana da biyu: Sukur a Adamawa tun 1999, da dajin Osun na Oshogbo tun 2005. Afirka kudu da Sahara gaba ɗayanta ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na jerin ba. Wanda ya ɗauka wannan ma'aunin zurfin tarihi ne, to ya duba Sin. Ba ta da wuri ko ɗaya kafin 1987, yau tana kafaɗa da kafaɗa da Italiya. Saudiyya ba ta da ko ɗaya kafin 2008, da ta buɗe bakin aljihu kan harkar sai ga su suna shiga bi da bi. Tarihin waɗannan ƙasashe bai ƙaru da kwana ɗaya ba a tsakanin, baitulmalinsu ne ya juyo wajen.

Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda ake shiga. Sai ƙasa ta fara sa wurin a jerin jiran tsammani, ya yi aƙalla shekara guda. Sannan ta haɗa kundi mai ɗauke da taswirar da ta nuna iyakar wurin daidai, da wani zagayen fili na kariya inda aka taƙaita gine-gine, da dokar da ke tsare su, da tsarin kulawa mai kasafin kuɗi, da kwatanci tsakanin wurin da makamantansa a duniya don nuna fifikonsa. A miƙa kundin kafin 1 ga Fabrairu, ƙwararrun ICOMOS, majalisar da ke ba UNESCO shawara kan wuraren tarihi, su zo su taka wurin da ƙafarsu, sannan a jira hukunci bayan kimanin shekara ɗaya da rabi. Kowane mataki yana cin masu safiyo, masana tonon tarihi, lauyoyi da masu zane. Ƙasashe masu hali suna da ofisoshi na dindindin da ba su da wani aiki sai wannan. Shi kuwa asusun UNESCO na tallafa wa wuraren, 'yan miliyoyin daloli ne a shekara ga duniya baki ɗaya. Kwatanta da cocin Notre-Dame na Faris: da gobara ta ci shi a 2019, an tara sama da yuro miliyan 800 domin gini ɗaya tak, aka sake buɗe shi a Disambar 2024.

Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suna cikin jerin jiran tsammani tun 2007. Har yau suna nan.

Yanzu a tambayi abin da masu waƙar ba sa tambaya: da wane kuɗi aka gina wannan gado tun farko? Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Babu wanda ya gina su don a zo kallo. Ganuwa tana tsare dukiya ne, kuma an ɗaga ta da gumin talakawa da bayi, a kan harajin birnin da ke saƙa da rini da jima da ƙira. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa waje a shekara da aƙalla wuri miliyan 300, yana mai cewa suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Auduga ta Kano ce, zare na matan Kano ne, saƙa da rini da bugu duk a nan aka yi su, fataken da suka kai kayan ma 'yan gida ne ko abokan hulɗarsu. Buzu a tsakiyar Sahara ya san rawani ɗan Kura da sunan garin da aka rina shi, kuma yana biyan kuɗin sunan. Dawakin hawa da lifidi da sulke da alkyabba duk daga wannan riba suka fito.

Kowa ya san abin da ya faru a 1897, shekarar da sojojin Ingila suka ƙone Benin suka kwashe tagullanta. Kaɗan ne ke tuna cewa a wannan shekarar ce kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin da aka haɗa a masana'anta zuwa kasuwa. A ganina wannan na biyun ya fi yi wa Kano illa nesa ba kusa ba, kuma babu bindiga a ciki. Sai ga 1903 Turawa suka ci Kano, 1911 jirgin ƙasa ya iso, aka daina karɓar wuri, haraji ya koma sai da kuɗin Bature. Manomin da ke shuka baba da auduga domin marinar garinsu ya ga gyaɗa ce ke kawo sulallan biyan haraji. Fuskar ciniki ta juya daga Sahara zuwa tashar Ikko, birnin da ke fitar da riga ɗinkakkiya ya koma mai tara dalar gyaɗa domin masana'antun Ingila. Rini bai mutu rana ɗaya ba, ya yi ta jan jiki shekaru da dama. Masaƙun zamani na Kaduna da na Bompai da Sharaɗa suka zo suka ɗan riƙe wani abu, su ma rashin wuta da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su. A 2015 har marinan Kano suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan kayan Sin sun kashe musu sana'a.

Ana kai baƙi Ƙofar Mata, a ce musu karofin tun 1498 yake, a ɗauki hoto. Ya kamata mai ɗaukar hoton ya san abin da ke cikin rijiyar. Rami ne mai zurfin gaba biyu zuwa uku, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi, wato guggubin tsohuwar rijiya da aka busar aka ƙona, a bar shi kwanaki har ruwan ya yi kaifi. Sannan a zuba busasshen baba, a riƙa motsawa da doguwar sanda kullum, a jira makonni kafin ya nuna. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ƙananan halittu ne a cikin ruwan tokar ke sauya shi ya narke, shi ya sa zane ke fitowa kore-kore daga rijiya, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Idan toka ta yi yawa halittun su mutu, idan ta yi kaɗan rijiya ta yi tsami ta lalace, lokacin hunturu kuma sanyi ya sa ta yi nawa. Marini yana gane halin rijiyarsa daga kumfa da wari. Duhun launi yana samuwa ne da yawan tsomawa da shanyawa, ba da daɗewa a ciki sau ɗaya ba. Daga nan sai mabuga, inda ake bugun zanen a kan gungume, a ƙara masa shuni har ya yi ƙyalli. Mai galura kuwa, da soda da garin sinadari a cikin rabin duro, kafin awa ɗaya ya gama. Idan mai saye ba shi da hanyar bambance su, me zai sa wani ya jira wata guda?

Ga inda maganar take. Irin wannan rini na shuni mai tsima ana yin sa a yankin Tokushima na Japan, kuma can kayan alfarma ne masu tsada. Ilimin marinin can bai fi na marinin Ƙofar Mata ba. Bambancin shi ne Japan ta yi dokar kare kayan al'ada tun 1950, tana zaɓar gwanayen sana'a ta ba kowannensu yen miliyan biyu a shekara domin ya koyar da magada, sannan a 1974 ta ƙara dokar sana'o'in gargajiya mai hatimin da ke tabbatar wa mai saye abin da ya saya. Kuma a bayan duk wannan akwai 'yan ƙasa masu kuɗi da ke alfaharin sayen nasu. Mu kuwa mai kuɗinmu idan zai fita kunya ranar Sallah, shaddar Getzner yake nema, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na Ostiriya, uwargida kuma sai atamfar Holan ta Vlisco. Kayan da muke kira na gargajiya, wani ne ke riƙe da sunansu da ma'auninsu.

Fata ta fi ban takaici. Ƙarnuka ayarin raƙuma na kai jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da ta Kano arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai, inda masu ɗaurin littafi suka san ta da sunan fatar Maroko. Tun a wancan zamanin sunan ya kuɓuce mana. Majemin gargajiya yana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tausasa ta da kashin kaji ko na tantabara, ya jeme da bagaruwa, ya shafe da mai, sannan a rina ja da karan dafi. Masana'antun Challawa da Sharaɗa suna yin nasu da sinadaran da ake shigowa da su, da janareta mai shan dizal, su auna fatar da ƙafa, su tura Italiya da Sifen. Fatar akuya guda ba ta cika wuce murabba'in ƙafa biyar zuwa shida ba, kuma darajarta tana faɗuwa tun a mahauta: wuƙa ta yanke ta wajen fiɗa, ko a yi jinkirin sa gishiri ta fara ruɓa, ko a shanya ta a ƙasa rana ta ƙona ta, ko kaska da ƙaya sun riga sun yi mata tabo. Mai saye na waje ne ke cewa wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba uku. Idan ta isa can aka yanka aka ɗinka, dokar asalin kaya ta Turai tana ba da sunan ga ƙasar da aka yi aikin ƙarshe mai muhimmanci. Sai jaka ta fito da tambarin Italiya, a sayar da ita dubban daloli a kan labarin gadon dukawan birnin Fulorens. Ruwan dattin jima kuwa yana nan yana gangarawa kogin Challawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu arziki sun daɗe da gane cewa suna shi ne hajar. A 2007 Abu Dabi ta amince ta biya Faransa yuro miliyan 400 domin kawai ta ara sunan gidan tarihi na Louvre na shekara 30, ban da kuɗin aron kaya da na ƙwararru. A Birtaniya akwai dokar majalisa ta 1993 wadda ta ce ba za a kira yadi Harris Tweed ba sai mazauna wasu tsibiran Sikotland ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, da ulun da aka rina aka kaɗa a tsibiran. Ƙasashe marasa ƙarfi ma da suka farga sun ɗan ƙwaci wani abu. Habasha ta ja da kamfanin gahawa na Amurka, Starbucks, har suka daidaita a 2007 kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe. Kamaru ta yi wa masoron yankin Penja rajista a 2013. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi. Najeriya ta shekara da shekaru tana jan ƙafa kan dokar kare sunan kaya da yankinsu, kuma ban ji masu waƙar sabon man fetur sun taɓa ɗaga murya a kanta ba.

Akwai masu ganin duk maganar gado da rashin daidaito ta ƙare a kan dawo da kayan da aka sace, kuma wannan ɗaukar reshe ne a bar gindi. Haƙƙi ne a dawo da su, babu ja. Rahoton da aka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ce kusan kashi 90 cikin ɗari na kayan tarihin Afirka kudu da Sahara suna wajen nahiyar. Jamus ta sa hannu a 2022 kan miƙa mallakar tagullan Benin sama da 1,100, Holan ta dawo da 119 a 2025. Gidan tarihin Birtaniya yana riƙe da kimanin 900, yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa, kuma a 2024 shi da wani gidan tarihi na Landan mai suna V&A suka ba Asantawan Gana aron zinariyar kakanninsu. Aro! Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan safarar kayan tarihi ba ta waiwayar abin da ya faru kafinta, don haka duk abin da aka kwasa a zamanin mulkin mallaka sai dai roƙo da matsin lamba. To amma a ce gobe an dawo da kowace riga mai aska takwas da kowane sirdi da ke Landan da Balin, aka jera su a Gidan Makama. Marini nawa za su koma bakin rijiya? Ribar shekara ɗari ta tikiti da bincike da digirorin da aka yi a kansu ta riga ta zauna can, kuma ba ta cikin akwatin da za a sauke a filin jirgi.

Shi kuwa yawon buɗe idon da ake mana alkawari, makullinsa ba a Kano yake ba. Ma'aikatun harkokin waje na Amurka da Ingila suna gargaɗin 'yan ƙasarsu kan zuwa jihar Kano. Da zarar irin wannan gargaɗi ya fita, inshorar tafiya ba ta aiki, kamfanin da ke shirya wa baƙi ziyara ya cire garin daga jadawalinsa. Jirgin KLM da ya shekara da shekaru yana sauka Kano ya daina tun 2012. Tambutu da Jenne na ƙasar Mali suna cikin jerin UNESCO tun 1988, Agadas tun 2013, a je a tambayi masu masauki a can abin da takardar ta tsinana musu da tsaro ya taɓarɓare. Ko a inda baƙin ke zuwa, kuɗin jirgi da na kamfanin shiri da na manhajar kama ɗaki suna komawa inda suka fito, ɗan gari ya tashi da kuɗin ja-gora da na 'yar tsaraba. Hawan Sallah kwanaki kaɗan ne sau biyu a shekara. Birni mai miliyoyin mutane ba ya ci da wannan.

Kada kuma wani ya ɗauka ina wanke mu ne. Masu ɗora wa Bature komai su bayyana mana yadda Nijar, wadda ba ta kai mu hali ba, ta iya shata iyakar tsohon garin Agadas ta kai shi jerin, mu muka kasa. Ba Gwamna Lugga ne ya rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba. Ba shi ne ya yanka filaye a jikin badala ba, wata gwamnati ta raba, wata ta zo ta rusa, ba tare da ɗayansu ta kafa dokar da za ta hana a maimaita ba. Ginin ƙasa ba shi da wani sirri: tubali da yaɓe, sai kulawa kowace shekara kafin damina. Ruwa ne abokin gabarsa, daga sama idan ba a gyara kan ginin ba, daga ƙasa idan kwata ta kwanta a gindinsa. Magina suna shafe shi da makuba ko laso, waɗanda ke korar ruwan sama amma su bar ginin ya fitar da laimarsa. Ɗan kwangila kuwa siminti yake sani. Siminti yana kulle laima a ciki, ƙasar ta jiƙe ta saki, ɓawon simintin ya ɓalle da ita gaba ɗaya bayan 'yan damuna. Ƙofar da aka rushe aka sake zubawa da kankare kuma, a idon ƙwararrun da za su zo dubawa, sabon gini ce, domin asalin kayan gini da asalin hannu suna cikin abin da suke aunawa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni daga cikinsu, su ne ke shanye ruwan sama, an cike su an yi shaguna, sannan kowace damina a yi ta mamakin ambaliya a cikin gari. Ba a maganar zagayen fili na kariya a inda gidan mai da shago suka jingina da bango. Masu cewa a share tsohuwar ƙasar nan a yi ci gaba, su dai ba su cancanci amsa ba.

Har rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami da ke cikin gafaka a zaurukan cikin birni, yawancin aikin ɗaukar hotonsu da kuɗin gidauniyoyin waje ake yi. Madalla da su, don gara da ruwa ba sa jira. Amma wanda ya biya shi ke zaɓar abin da za a fara ceta, kuma ɗalibin Bayero ya fi saurin samun rubutun kakansa a rumbun intanet na wata jami'ar Amurka fiye da a ɗakin karatun garinsu.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne, kuɗinsa ma bai kai na gadar sama guda ba. A shata iyakar abin da ya rage na ganuwa a sa a doka, a ba magina na gargajiya aikin yaɓe na shekara-shekara a maimakon 'yan kwangila. A ba Challawa wuta da matatar ruwan datti mai aiki, a tura tallafin fitar da kaya wajen mai fitar da takalmi da jaka, ba mai fitar da fata zalla ba. Gwamnati da masarauta su riƙa sayen kayan kyauta da na naɗi daga marina da dukawan gida. Kuma ba sai an jira Abuja ta gama barcinta kan sabuwar doka ba, domin dokar alamar kasuwanci da ake da ita ta yarda a yi rajistar hatimin tabbatar da inganci. Ƙungiyar marina za ta iya neman nata, muddin ta rubuta ƙa'ida a fili: baba na gona, toka da katsi, rijiyar ƙasa a cikin ƙasar Kano, tsomawa kaza mafi ƙaranci, babu galura ko cokali ɗaya. Sai a sami mai dubawa da ba ya karɓar na goro, da gwajin da zai kama wanda ya haɗa, da hukuncin ƙwace hatimi daga hannunsa ko ɗan gidan wane ne. A nan ake yin ta, domin wasu daga cikin masu sayar wa baƙi zane a bakin karofi a yau za su faɗi wannan gwajin, kuma shugabannin sana'ar sun san su.